Tunkiyar da Ta Tsaya a Ƙofa

Glenys Metcalfe ta sha faɗa daga baya cewa kuskurenta ɗaya ne tak: da ta buɗe baki ta yi zancen ɗinkin coci a gaban mijinta, yana zaune yana shafa wa burodi man shanu.

Cocin ƙauyensu, Hollinsgill, yana da matasai ashirin da huɗu da ake ɗora gwiwa a kansu lokacin addu'a. Tun Glenys tana budurwa aka ɗinka su. Yanzu asu ya gama da rabinsu, sauran kuma sun sha danshi har in mutum ya durƙusa a kan ɗaya sai ya tashi da tambari a wando. Rabaran Philippa, wadda ba ta fi shekara biyu da zuwa ƙauyen ba, ta roƙi ƙungiyar mata masu ɗinki su yi sababbi kafin bikin Ista. Su shida ne a ƙungiyar, Glenys ce shugaba. Ba ta nemi shugabancin ba. Ranar zaɓe ta shiga kicin ɗauko madara, ta fito ta tarar an gama.

Mijinta Wilf ya yi shekara talatin da takwas yana raba wasiƙu a gonakin kwarin, da farko a kan keke, daga baya a 'yar jar mota. Yakan kai wa mutane wasiƙa, shi kuma ya dawo gida da kalmomi. Duk tsohon manomin da ya furta wata kalma da ba a jin ta sai a bakin kakanni, Wilf zai ciro fensir daga bayan kunne ya rubuta ta, da sunan wanda ya faɗa, da ranar. Da ya ajiye aiki sai ya juye su duka a kan ƙananan katuna, ya cika kwalayen takalma goma sha ɗaya. Kuma bai jera su bisa harafin farko kamar yadda mai hankali zai yi ba, sai bisa yadda suke ƙarewa.

"Kin kuwa san ainihin sunan abin nan da za ku ɗinka?" ya tambaye ta.

"Matashi."

"Hassock. Haka tsofaffi ke kiransa. Asalinsa tushen ciyawar fadama ne, a yanko shi, a busar, a kawo coci a durƙusa a kai." Ya ajiye wuƙa a hankali. "Kin ji yadda kalmar ta ƙare?"

Ta ji sarai. Tun watan Satumba ba a jin komai a gidan sai kalmomin da suka ƙare da o, da c, da k. Kwali guda suka cika.

"Wilf, furanni za mu yi. Furanni da gicciye, kamar kowane coci a ƙasar nan."

"Ni ban ce komai ba."

"Fuskarka ta ce."

Da hantsi ta hau bas zuwa gari sayen zaren ulu. Kafin ta dawo Wilf ya sa sabuwar hularsa, ya rungumi kwalinsa, ya je ya sha shayi kofi uku a gidan Rabaran.

Ranar Laraba da matan suka taru a zauren coci, sai ga shi zaune a gaban tebur ɗinsu, Rabaran Philippa tana tsaye a bayansa idanunta na ƙyalli. Kowane matashi, in ji ta, zai ɗauki tsohuwar kalma ɗaya da hotonta a ƙasa. Harshen kwarin nan yana mutuwa, ga hanyar da za a ajiye shi inda jikoki za su gani. Ashe ba abin farin ciki ba ne?

Glenys ta dubi jakar zarenta, mai cike da ruwan hoda da shunayya na furanni.

Wilf ya fara karanto katunan. Ruddock, ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji. Mattock, diga. Bannock, gurasar da ake gasawa a kan ƙarfe. Cammock, ciyawa mai taurin saiwa da ke tsayar da garma. Matan suna gyaɗa kai, har Glenys ta fara tunanin ko abin ba zai kai yadda take tsoro ba.

"Warlock," in ji Wilf. "Matsafi."

Rabaran ta yi 'yar tari. "A coci, Wilf?"

"Kalma ce mai shekara dubu, Rabaran."

"Na yarda. Amma ba na son mutane su durƙusa a kan matsafi suna karɓar jibin Ubangiji."

"To hemlock?"

"Wannan ba gubar nan ba ce?"

"Tsiro ne kyakkyawa. Yana da farin fure, kin ga Glenys ma ta samu furenta."

"Cire," in ji Glenys.

"Pillock fa?"

"Wannan ai zagi ne, kowa ya sani," in ji wata murya daga kusa da hitar ɗumama ɗaki. Edna Raw ce, mai shekara tamanin da bakwai, matar marigayi Seth mai gona can saman tudu. Ita ce ta fi kowa iya allura a kwarin, ta kuma fi kowa ƙarancin magana mai daɗi. "Sakarai ke nan. In kana son a ɗinka shi ba wahala, ka zauna nan awa biyu kar ka motsa."

Aka yi dariya har da Wilf, don shi mutum ne da bai cika gane cewa da shi ake ba. Awa ɗaya da rabi aka yi ana ja-in-ja kafin a tsayar da kalmomi ashirin da uku. Ta ashirin da huɗu, in ji shi, ya ɓoye ta tukuna, ta musamman ce, kuma ya san hannun da zai ba.

Aka raba katuna. Maureen Sugden, wadda ta taso daga birnin Leeds bara ta sayi tsohon gidan maƙeri, ta miƙa hannu ta zari nata tana murna. Mace ce mai son a ce da ita ake komai na ƙauyen.

"Paddock! Na gode wa Allah, wannan na san shi."

"Akwai bayani a bayan katin," in ji Wilf.

"Ba sai na duba ba, Wilf, ni ma Turancin nan da shi na tashi."

Ta jefa katin a jaka. Glenys ta gani, amma a lokacin tana fama da butar shayi da ta ƙi tafasa, sai abin ya fita daga ranta.

Daga nan gidan Metcalfe ya zama wurin da ba a zama lafiya. Glenys ta ɗauki matasai biyar, don shugaba ce ke kwashe abin da kowa ya ƙi. Duk yamma in ta zauna kusa da taga da ɗinkinta, sai ta ji numfashi a bayan wuyanta.

"Jan nan ya yi yawa. Ƙirjin ruddock ba ja ba ne sosai, ya fi kusa da ruwan lemo."

"Sunansa fa mai jan ƙirji. Kai ka faɗa."

"Sunan ke nan. Tsuntsun dabam."

Ta warware, ta sake. Sai aka zo kan puttock. Katin ya ce shirwa. Glenys ta yi kwana tara tana ɗinka shirwa da fikafikai a buɗe da wutsiya mai rassa biyu, ta yi kyau har ita kanta tana satar kallonta. Ranar ta goma Wilf ya shigo daga ɗakin katunansa yana sosa ƙeya.

"Akwai 'yar matsala."

"Babu."

"A wasu wurare shirwa ake nufi. Amma na duba, mutum uku na kwarin nan da suka ba ni kalmar, duk shaho suke nufi, irin mai faɗin fiffike. Wutsiyarsa a dunƙule take."

"Wilf, wa zai sani?"

"Ni."

"To kai kar ka durƙusa a kansa."

"Ana kuma kiran mai haɗama da ita," ya ƙara, kamar wannan zai sanyaya mata rai.

Ta warware wutsiyar, amma ba ta yi masa magana ba har washegari da rana. Wanda ya fi ba ta haushi shi ne mullock. Ma'anarsa tarkace, shara, duk abin da aka tara ba ya da amfani. Yaya ake ɗinka tarkace? Ta tambaye shi, ya ce wannan aikin masu fasaha ne, shi nasa kalma. Sai ta ɗauki kujera ta fita bayan gida, ta buɗe ƙofar rumfar kayansa, ta zauna cikin sanyi ta zana abin da ta gani: tayar keke, fasasshiyar tukunyar fure, takalmin ruwa ƙafa ɗaya, gwangwanayen fenti. Da ya ga zanen ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ai takalmina ne."

"Shi ne."

"Ina neman ɗayan ne, shi ya sa na ajiye."

"Tun shekarar da aka yi auren 'yarmu Janet kake nema."

A tsakiyar Fabrairu aka ce kowa ya kawo abin da ya gama. Ana yayyafi, zauren yana warin jiƙaƙƙun riguna. Maureen ce ta zo ƙarshe, ta rungumo nata a cikin farin ƙyalle kamar jariri. Ta ɗora a tebur ta yaye.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Ɗan fili ne kore, kewaye da katangar duwatsu, kowane dutse da launinsa, ga doki mai ruwan ƙasa a tsakiya ya sunkuyar da kai yana kiwo. Mako shida ta yi a kansa. Matan suka yi ta yabo, har Edna ta ce, "Ba laifi," wanda a bakinta lambar girma ce.

Glenys ta dubi mijinta, ta ga yana lasar leɓe. Ta miƙa ƙafa ƙarƙashin tebur ta taka shi. Bai ji ba, ko ya ji bai gane ba.

"Ina kwaɗon?" ya ce.

"Wane kwaɗo?" in ji Maureen.

"Paddock. Kwaɗo ne, na cikin ruwa. Tsohuwar ma'anar ke nan. Filin doki kowa ya san shi, ai ba don shi muka taru ba. Kalmomi biyu ne dabam da suka zo suka yi kama. Ta filin ma asalinta parrock ce, baki ne ya lanƙwasa ta. Yana nan a bayan katin."

Maureen ta zazzage jakarta, ta sami katin, ta juya. Fuskarta ta yi ja, sannan ta yi fari. Ta ce ba komai, ba komai, za ta warware, dama ita baƙuwa ce, me ta sani? Ta shige kicin ta buɗe famfo da ƙarfi don kada a ji ta.

Glenys ta ja Wilf zuwa bakin ƙofa da hannun rigarsa.

"Mako shida, Wilf. Matar nan tana da ciwon yatsu."

"Amma ba daidai ba ne."

"Filin doki ana kiransa paddock ko ba a kiransa?"

"Ana kira, sai dai..."

"To daidai ne. Za ka shiga kicin ɗin nan ka ce mata daidai ne. In ka ƙara kalma ɗaya a kai, wallahi yau kwalayenka a rumfa za su kwana, kai ma tare da su."

Ya shiga. Glenys ta tsaya tana saurare. Ta ji ya ce daidai ne, ta ji ya yi shiru, ta ji shirun yana cin sa. Maureen ce da kanta ta fyace hanci ta ce akwai ɗan wuri a gindin katanga, ko ƙaramin kwaɗo zai shiga? Wilf ya ce zai shiga mana, ya fara bayanin irin kwaɗon. Glenys ta leƙa ta harare shi, ya tsaya.

Da aka sake zama, Wilf ya ga dama ta samu ya gyara sunansa. Ya ciro kati ɗaya daga aljihun ƙirji, wanda ya tsufa har ya yi ruwan ƙasa, ya miƙe tsaye.

"Ta ashirin da huɗu. Wannan ba ta cikin kowane ƙamus. Na rubuta wa masana har sau biyu, ba wanda ya taɓa jin ta. A kwarin nan kaɗai take, ni na tsince ta. Snebbock: tunkiyar da ke tsayawa a bakin ƙofar garke, ba ta shiga ba, ba ta koma ba, ta tare wa sauran hanya." Ya juya wajen hita. "Daga bakin Seth na fara jin ta, Edna, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ke ya kamata ki ɗinka."

Edna ta karɓi katin, ta nisanta shi da idonta, ta karanta. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Glenys ta zaci kuka take, don sunan Seth na rubuce a kai. Ashe dariya ce.

"Kai, Wilf. Har yanzu kana riƙe da wannan?"

"Me ya faru?"

"Ai Seth ƙirƙirar ta ya yi."

Matan duka suka juyo suna kallon ta.

"Ina tsaye a wurin," in ji Edna, tana share ido da bayan hannu. "Ranar wankan tumaki ce, muna da ɗari biyu a layi, kai kuma ka kawo wasiƙa ɗaya ka tsaya a bakin ƙofa da kekenka, fensir a hannu, wai ko akwai wata tsohuwar kalma. Ba ka shigo ba, ba ka tafi ba. Seth ya dube ka ya ce snebbock. Ka ce me ke nan? Ya ce tunkiya mai tare ƙofa. Ka rubuta, ka yi godiya, ka hau keke. Mun yi mako muna dariya."

"Amma mutum biyar sun tabbatar mini," in ji Wilf. Muryarsa ta sauya. "Na rubuta sunayensu."

"Kafin ka tambaye su ko bayan ka tambaye su? Ai gona gona ka bi kana cewa, kun san snebbock? Kun san snebbock? Wa zai ce wa mai kawo masa wasiƙa bai sani ba?" Ta miƙa masa katin. "Ba zan ɗinka ƙarya in kai coci ba. Ba ni wata."

Wilf ya karɓa, ya mayar aljihu. Ya ce za a samo wata. Ya rufe kwalinsa, ya sa hula, ya fita cikin yayyafi ba tare da lemarsa ba.

Glenys ta yi wata biyar tana roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru. Yanzu ya yi, sai ta gane shirun ya fi surutun ban haushi. Yana cin abinci, yana wanke kwano, yana cewa na gode. Ba ya shiga ɗakin katuna. Ta zauna kusa da taga da ɗinki, ba numfashi a bayan wuyanta. Da gangan ta ɗinka wa digar mattock ƙota shuɗiya, ta ajiye a kan kujerarsa. Ya ɗauke ya ajiye gefe, ya ce ya yi kyau.

Rana ta huɗu ta ga ya kwashe kwalaye uku ya kai rumfa. Ta sa takalmin ruwa, ta ɗaura gyale, ta kama hanyar tudu. Tafiyar minti arba'in ce, ga taɓo, ga gwiwarta ta hagu da ba ta son hawa. Duk hanya tana shirya abin da za ta faɗa wa Edna, tana kuma jin haushin kanta, don rabin abin da Edna ta faɗa ita ma ta sha faɗa a zuci.

Ta tarar da Edna a ƙofar kicin da kofi a hannu, tana kallon ɗanta Raymond, ƙato mai furfura, yana kora tumaki masu ciki zuwa rumfar haihuwa.

"In faɗa kika zo yi, yarinya, shigo ki yi shi a zaune," in ji Edna.

"A tsaye zan yi. A gaban mutane, Edna? Ba za ki iya jan sa gefe ba?"

"Shi ya ja Maureen gefe?"

Glenys ta kawar da kai.

Can tsakar gida tumakin suka cunkushe. Wata babba mai baƙar fuska ta tsaya cak a ƙofar rumfa, ta kafa ƙafafu, sauran suna ture-ture a bayanta. Kare yana haushi, Raymond yana buga sanda a katanga.

"Shiga mana, ke tsohuwar snebbock! Kullum ke ce!"

Glenys ta juyo a hankali ta dubi Edna. Edna ta kurɓi shayi.

"Me ya ce?"

"Kin ji ai."

"Kin ce ƙarya ce."

"Na ce Seth ne ya ƙirƙira. Bayan nan sai ta zauna a bakinsa, don kowane garke yana da irin tunkiyar nan kuma ba ta da suna. Yara suka tashi suna ji."

Glenys ta ɗaga murya. "Raymond! Kalmar nan da ka faɗa, a ina ka samo ta?"

Ya tsaya yana haki. "Wace? Snebbock? Tsohuwar kalma ce, Glenys, kowa na faɗa. Ko a kasuwar tumaki za ki ji. Ki tambayi Wilf, shi ya san irin waɗannan."

"Shekara arba'in ana faɗarta a gidan nan," in ji Glenys, tana jin kunnuwanta suna zafi, "kika bar shi ya fita cikin ruwa kamar wanda aka kama da sata. Me ya hana ki faɗi wannan rabin?"

"Ba wanda ya tambaye ni." Edna ta juya tana kallon tunkiyar da Raymond ya kama yana turawa. "Kuma na ji haushinsa a kan Maureen. Shigo ki sha shayi, leɓenki ya yi shuɗi."

Sun daɗe a kicin. Edna ta tsaya a kan bakanta cewa ba za ta ɗinka ta a matsayin tsohuwar kalma ba, don ba tsohuwa ba ce, ta girme ta da shekara arba'in da shida. Glenys ta ce to ta ɗinka ta a matsayin abin da take. A ƙarshe suka daidaita: tunkiya a bakin ƙofa, kalmar a sama, a ƙasa kuma sunan Seth Raw da shekarar da ya faɗe ta.

Ta sami Wilf a rumfa yana zaune a kan gwangwanin fenti, kwalaye a gabansa, bai buɗe ko ɗaya ba. Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba, har da cewa Raymond ya ce a tambaye shi.

Ya dubi kwalayen da ke gabansa.

"Wato ni na yaɗa ta."

"Kai ka yaɗa ta. Da keke."

"Na duba katunan jiya. Duk mutum biyar ɗin bayan na tambaye su ne. Edna ta yi gaskiya." Ya murza idonsa. "Kuma da ni yake. Ni ne tunkiyar."

"Kai ne. Har gobe ma kai ne, ka tambayi duk wanda ya taɓa ƙoƙarin wuce ka a ƙofar kanti."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Sannan ta ga hannunsa ya tafi bayan kunne, inda fensir yake.

"Ba a cika samun kalmar da aka san ranar da aka haife ta ba, Glenys. Da wurin, da wanda ya faɗa, da dalili. Masanan nan ba su da irin wannan ko guda nawa. Sai na sake katin gaba ɗaya. Raymond ya ce har a kasuwa? Wace kasuwar? Su wa ke faɗa? Kin tambaye shi ko jikokin..."

"Ban tambaya ba. Gwiwata ciwo take, ƙafata ta jiƙe, kuma ban ci komai ba tun safe. Kwashe kwalayen nan ka mayar ciki kafin danshi ya cinye su."

Matasai ashirin da biyu aka gama kafin Ista, sauran biyun sai a watan Yuni, don ɗaya daga cikin matan ta karye a hannu. Da suka cika, Rabaran Philippa ta sa musu albarka wata Lahadi da safe, cocin cike da baƙi da suka zo hutu. Edna ta zo cikin baƙar rigarta, ta zauna a layin gaba, ta ƙi durƙusawa a kan kowanne, ta ce gwiwarta ta gama wannan aikin tun tuni.

Bayan an tashi, wasu mata da miji daga kudu suka tsaya suna duba matasai ɗaya bayan ɗaya. Matar ta nuna ɗaya ta tambaya da ƙarfi ko wa zai san ma'anar wannan. Glenys tana tsaye kusa, ta ga kan Wilf ya juya. Ta yi niyyar ta gargaɗe su, sai ta ga ai ba 'yan uwanta ba ne. Ta karɓi mabuɗin gida daga aljihunsa, ta tafi ta ɗora dankali a wuta.

Ta ci nata da ƙarfe ɗaya, ta rufe nasa da faranti. Sai wajen ƙarfe uku ya shigo, muryarsa ta dishe, ya ce mutanen kirki ne ƙwarai, sai dai sun ce suna sauri.